Daga Kano zuwa Surrey: yadda 'yan Punjab ke yaƙar gudun 'ya mace da wasan kwaikwayo

Gayyatar ta fito ne daga wata ƙungiyar 'yan sa-kai masu wasan kwaikwayo a birnin Surrey, lardin British Columbia, can yammacin Kanada. 'Yan asalin Punjab ne, wani yanki a arewacin Indiya, kuma suna neman wanda ya san wasan faɗakarwa irin na shiga ƙauye, wanda aka daɗe ana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya zo ya zauna da su a watan Janairu, lokacin da za su kai wani wasa gaban jama'arsu. Batun wasan shi ne fifita ɗa namiji, da zubar da ciki idan aka gano mace ce.

Biza ce ta fi cin lokaci. Kuɗin nema dala 100 ne na Kanada, sai dala 85 na ɗaukar zanen yatsu da hoto, wanda ake yi a Abuja ko Legas. Takardar gayyata ta faɗi ƙarara wanda zai ɗauki nauyin masauki da ranar komawa, kuma a fara nema watanni kafin tafiya. Daga Kano na bi mota ta Zariya da Kaduna zuwa Abuja, da shingayen jami'an tsaro da kowa ya sani. Jirgi ya kai mu Istanbul, daga nan kusan awa goma sha uku a sama kafin Vancouver.

A filin jirgin Vancouver na'ura ce ke fara yi maka tambayoyi, ta ɗauki hotonka ta ba ka 'yar takarda, sannan ka je gaban jami'i. Tambayoyinsa gajeru ne: me ya kawo ka, ina za ka sauka, yaushe za ka koma, za a biya ka kuɗi? Wannan ta ƙarshe a kula da ita, domin mai bizar ziyara ba shi da izinin aiki. Kilishi da dambun nama kuma a bar su a gida. Ba a shiga da su, wanda ya ɓoye abinci bai bayyana ba kuwa tara na iya kai shi dala 1,300.

Ana sayen katin shiga mota mai suna Compass, da ajiyar dala 6, kuma a lokacin da na je duk wanda ya taso daga filin jirgi akwai ƙarin dala 5 a kan kuɗin tafiyarsa. Jirgin ƙasan ba shi da direba. Ka bi Canada Line zuwa tsakiyar gari, ka sauya zuwa Expo Line, ka haye kogin Fraser, ka sauka a tashar Scott Road, sai bas ta gangara da kai unguwar Newton. A tanadi awa ɗaya da rabi. Sanyin Janairu a nan ba na ƙanƙara ba ne sosai, na ruwa ne: yayyafi dare da rana, a lokacin da na je rana ba ta fitowa sai wajen takwas na safe, magariba kuma da huɗu da rabi ta yi. A lokacin akwai awa tara tsakaninsu da Najeriya, don haka barci sai ya ɗauki kwanaki kafin ya daidaita.

Tun daga cikin bas mutum zai san inda ya shigo. Allunan shaguna da rubutun Gurmukhi na harshen Punjabi, dattawa da rawuna da gemu, shagunan gwal da na atamfar bikin aure a jere. A ƙidayar 2021 mutanen Surrey sun haura 568,000, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku 'yan asalin kudancin Asiya ne, mafi yawansu daga Punjab. Ba baƙin jiya ba ne. A Abbotsford, gabas da nan, akwai wurin ibadar mabiya addinin Sikh da aka kammala tun 1911.

An sauke ni a ɗakin ƙasa na gidan wani daga cikin 'yan ƙungiyar. Yawancin gidajen unguwar haka suke: iyali a sama, 'yan haya a ƙasa da ƙofarsu daban. A saman kuwa zuriya uku ce a tukunya ɗaya, kaka da kakanni, ɗa da matarsa, da jikoki. Wannan tsarin zama shi ne ginshiƙin duk abin da wasan ke magana a kai. Amarya ta baro iyayenta a ƙauyen Jalandhar ko Ludhiana, ta shigo gidan da uwar miji ke riƙe da ɗakin girki, miji kuma direban tirela ne da ke yin mako guda a hanyar Kaliforniya. Ga Musulmi, maganar abinci a yi tambaya, domin naman da mabiya Sikh ke ci ba yankan Musulunci ba ne, amma akwai mahauta masu naman halal da yawa, da babban masallaci a titin 72. Farashin da ke jikin kaya ba shi ne abin da za ka biya ba, sai an ɗora haraji a wurin biya.

A zaman farko wata ma'aikaciyar jinya daga cikinsu ta shimfiɗa min alƙaluman da suka sa aka rubuta wasan. Idan aka bar haihuwa yadda Allah ya tsara ta, ana samun maza kusan 105 a kan mata 100. Binciken da Marcelo Urquia ya jagoranta a lardin Ontario, wanda aka buga a 2016, ya duba matan da aka haifa a Indiya waɗanda suka riga suka haifi 'ya'ya mata biyu. A haihuwarsu ta uku, maza 196 aka samu a kan mata 100. Da aka sake dubawa a 2017 bisa harshen uwa, na masu jin Punjabi ya kai 240, kuma daɗewa a Kanada bai rage shi ba. A haihuwar fari ba a ga wannan karkata ba. Ta nanata wannan sosai: yawancin gidaje ba sa yi, matsin yana sauka ne a kan mace mai 'ya'ya mata biyu da ciki na uku. A can Punjab ɗin, ƙidayar 2001 ta nuna yara mata 798 a kan maza 1,000 'yan ƙasa da shekara bakwai, a 2011 ya ɗan farfaɗo zuwa 846.

Doka ba ta iya kai wa ga wannan a Kanada. Indiya ta haramta gaya wa mai ciki jinsin abin da ke cikinta tun 1994. Kanada ta haramta zaɓen jinsi a ɗakin gwaji ga masu dashen ciki a 2004, amma tun 1988 ba ta da dokar laifi a kan zubar da ciki, kuma a 2021 majalisa ta yi watsi da ƙudurin da ya nemi hukunta zubarwa saboda jinsi. A 2012 wani editan mujallar likitocin ƙasar, Rajendra Kale, ya ba da shawarar a riƙa ɓoye jinsi har mako na 30. Hoton ciki na nuna jinsi wajen mako na 18 zuwa 20, amma yanzu gwajin jinin uwa na nunawa tun mako na 10, don haka ɓoyewar ba za ta toshe komai ba. Abin da ya rage shi ne a shiga cikin gidan, wasan kwaikwayo kuwa na iya shiga inda ɗan sanda ba ya shiga. Suna da gadon wannan aiki. Marigayi Gursharan Singh ya shafe shekaru yana zagaya ƙauyukan Punjab da wasa a fili, a nan ma ƙungiyar Vancouver Sath ta su Sadhu Binning da Sukhwant Hundal ta yi wasanni a shekarun 1980 kan leburorin gona da halin mata.

Gwaji da dare ake yi, bayan an tashi aiki, a wani ɗaki da suka ara. Yadda suka haɗa labarin ya burge ni ƙwarai. Sun zauna da mata ɗaya bayan ɗaya, babu rikoda, babu suna. Sannan suka gauraya: ƙauyen wannan, sana'ar mijin waccan, maganar da surukar wata ta faɗa. Dalili shi ne gari ne da kowa ya san kowa, idan aka gane gidan da labari ya fito, matar ce za ta kwana a ciki. Samun 'yan wasa mata ya ba su wuya, domin ana ɗora wa 'yar wasa abin da ta taka, sai aka samo wata malamar makaranta mai ritaya ta hau matsayin uwar miji.

Wasan bai wuce minti 25 ba, fitowa huɗu, 'yan wasa shida. Kayan dandamali: tebur, kujeru huɗu, tukunyar shayi, waya, da kwalin laddu, wani dunƙulen kayan zaƙi da ake rabawa idan an yi haihuwa. A fitowa ta farko maƙwabta sun aiko da kwalin domin sun sami namiji, uwar miji ta ajiye shi a gaban surukarta ba ta ce komai ba. A ta biyu waya ta shigo daga ƙauye: 'yan uwa na tambayar wa zai gaji gonar. A ta uku mata da miji na cikin mota bayan an yi hoto, kujeru biyu ne kawai aka juya, mijin na kallon titi. A ta huɗu uwar miji ta riga ta nemo inda za a je, babbar jikarta 'yar shekara tara na laɓe tana ji, matar ta ce da uwar mijin, “Bibi ji, ku bar min wannan,” aka miƙo mata rigar sanyinta. A nan wasan ke yankewa.

Da gangan ne. Salon Augusto Boal ɗan Brazil suke bi: a tsayar da labari a inda ya fi muni, a sake farawa, duk ɗan kallon da ya ga inda za a iya sauya abu ya ce “tsaya”, ya hau ya karɓi matsayin, sauran 'yan wasa kuma su ci gaba da matsa masa yadda za a yi a gida na gaske. Rabin lokacin gwaji a kan wannan yake tafiya. Daraktar kan sa wani ya shigo da mafita, 'yan wasa su koyi kada su miƙa wuya da sauri, kada kuma su rufe ƙofa ruf. Idan suka yi laushi, jama'a za su tafi da tunanin cewa magana ɗaya ta isa. Idan suka yi tauri fiye da kima, matar da ke zaune a baya da irin wannan ciki za ta tafi da tabbacin cewa babu mafita. Babbar matsalar da muka yi ta gyarawa ita ce dariya. Malamar ta iya kwaikwayon tsofaffi, da zarar ta murguɗa baki sai ɗaki ya fashe. Idan aka yi wa uwar miji dariya, kowace uwar miji a zauren za ta ce ai ba ni ba ce. Sai aka cire murguɗa bakin, aka ƙara mata 'yan kalmomi kan yadda tata surukar ta hana ta zama a kan gado har sai da ta haifi namiji.

Wata rana suka kai ni bakin iyakar Kanada da Amurka, tafiyar kusan rabin awa kudu, wurin wata farar ƙofa da ake kira Peace Arch. Ba ni da bizar Amurka, don haka daga ɓangaren Kanada muka tsaya. Garin da ke tsallake shi ne Blaine. A farkon shekarun 1990 wani likita daga Kaliforniya ya buɗe wurin hoton ciki a can, yana talla a jaridun 'yan Indiya na Vancouver, matan al'ummar suka fito suka yi masa zanga-zanga. Biyu daga cikin dattijan ƙungiyar sun ce tun lokacin suke wannan faɗa.

Ranar Lahadi muka je gurdwara, wurin ibadarsu, don a sanar da wasan. Ana cire takalmi, a rufe kai, ba a shiga da taba. Bayan ibada kowa na zama a ƙasa a layi a ci langar, abincin kyauta da ba a tambayar addinin mai ci: gurasa, miyar wake, ganye, kunun shinkafa da madara, da shayi. Babu nama, don haka Musulmi ya ci hankali kwance. Addinin nasu bai goyi bayan abin ba ko kaɗan. Guru Nanak, wanda ya kafa addinin, ya yi tambaya, don me za a aibata wadda ke haifar sarakuna? Ƙa'idojinsu sun hana hulɗa da mai kashe 'yarsa, kuma a 2001 majalisar ƙoli ta Akal Takht a Amritsar ta fitar da umarni kan zubar da cikin mata. Abin da ke riƙe da al'adar lissafi ne: gona da ake so ta zauna a dangi, daj wato dukiyar da iyayen amarya ke kai wa gidan ango duk da Indiya ta haramta ta tun 1961, tsufa a hannun ɗa, da wanda zai kunna wutar ƙona gawa, aikin da al'adarsu ta ɗora wa ɗa namiji.

Daren 13 ga Janairu ake bikin Lohri. Ana hura wuta a fili, a zagaye ta ana waƙa, ana jefa gyaɗa, gugguru, kantun riɗi da mazarƙwaila. A al'ada gidan da aka haifi namiji ne ke yin babban biki. Wanda aka kai ni na 'ya mace ne, kuma ƙungiyar ta zaɓi makon ne saboda haka. Akwai masu irin wannan yunƙuri a wasu wurare, kamar Pink Ladoo da Raj Khaira ta fara a Ingila a 2015, na raba laddu mai ruwan hoda idan an haifi mace.

A gefen wutar nan gida ya yi ta faɗo min a rai. Mu ango ke ba da sadaki, amma uban 'ya'ya mata ya san abin da kayan ɗaki da gara ke yi wa aljihu. Mun san muryar da ake cewa “namiji ne” da ita, da wadda ake cewa “mace ce, Allah ya raya”. Mun san matar da ta jera mata huɗu aka yi mata kishiya don neman magaji, ko aka sake ta, alhali daga maniyyin namiji jinsi ke fitowa. Shari'a ta yanka wa 'ya mace kasonta na gado, amma gona nawa ce ke zaune a hannun 'yan uwa maza da sunan riƙo? Alƙur'ani ya siffanta wanda fuskarsa ke baƙi idan an yi masa bushara da mace a Suratun Nahli, ya kuma ce za a tambayi wadda aka binne da rai a Suratut Takwir. Muna karantawa a kowace makarantar allo, kamar yadda su ma suke rera maganar Guru Nanak. Na gaya musu wannan, suka yi mamaki, domin sun ɗauka ciwon nasu ne su kaɗai.

An yi wasan da yammacin Lahadi, bayan an sauko daga gurdwara, lokacin da direbobi ke gida. Shiga kyauta, shayi da samosa a bakin ƙofa, ɗaki daban da masu kula da yara, domin idan babu shi matan da ake nufi ba za su zo ba. Da Punjabi aka yi, ana haska fassarar Turanci a bango da majigi saboda samarin da aka haifa a can. An hana ɗaukar hoto da waya. Masu ba da shawara biyu suka zauna a baya kusa da ƙofa, lambobin neman taimako kuma aka liƙa su a bayan ƙofar banɗakin mata, inda mace za ta kwafa ba idon kowa.

Da aka sake farawa an ɗan jima ba wanda ya motsa, jagorar fili kuwa, wato mai shiga tsakanin 'yan wasa da 'yan kallo, ba ta cike shirun da surutu ba. Wata budurwa ce ta fara cewa tsaya. Ta karɓi matsayin matar, ta ce za ta kwashi 'ya'yanta ta bar gidan. Uwar miji ta ce, “Ki je ina? Ɗana ne ya kawo ki ƙasar nan, shi zai mayar da ke.” Budurwar ta rasa amsa. Jagorar ta tambayi zaure ko gaskiya ne, hannaye da yawa suka tashi. Sai wata mai aikin shige da fice da aka tanada ta miƙe ta bayyana cewa matar da ta sami izinin zama na dindindin miji ba shi da ikon ƙwace shi, sharaɗin zama tare na shekara biyu ma an soke shi tun 2017. Na ga mata suna duban juna.

Wani dattijo ya hau matsayin uban miji ya ce a rubuta gonar da sunan jikoki mata, tunda dokar gado ta Indiya ta daidaita su da maza a 2005. Wani daga ƙasa ya tuna shari'ar 2019 a nan lardin, inda iyaye suka bar wa 'ya'ya mata huɗu dala 150,000 kowacce daga dukiyar kusan miliyan tara, sauran na maza biyu, kotu ta sauya wasiyyar ta ba matan kashi 60 cikin 100. Zauren ya kaure da musu, wasu maza suka tashi suka fita.

A ƙa'idar Boal wanda ake zalunta ake maye wa gurbi, amma ƙungiyar ta buɗe matsayin miji, kuma a ganina wannan ne mafi kyawun shawarar da suka yanke. Shi ne mai iko a tsakanin matan biyu, shi ne kuma ya yi shiru. Wani direba ya hau, ya ce wa uwar, “Bibi, daga wurina ne, ba daga wurinta ba, kuma babu inda za a kai ta.” Malamar ba ta yi faɗa ba. Ta zauna ta ce, “To puttar, ɗana, idan ka tsufa wa zai ɗauke ka? Wa zai kunna maka wuta?” Ya tsaya bai da abin faɗa. Wata tsohuwa ta miƙe daga kujerarta, ba ta ma hau dandamali ba, ta ce 'ya'yanta uku duk mata ne, a gidan ta tsakiya take zaune, kuma babbar ce ta yi wa mahaifinsu wannan hidima ranar da ya rasu. An fi awa ɗaya ana wannan, har mai kula da zauren ya fara kashe fitilu.

A zaman bita an lissafa abin da bai yi ba. Makirufo biyu na hannu sun yi kaɗan, tsofaffi ba sa jin masu hawa. Yarinyar da ke laɓe ba wanda ya karɓi matsayinta, don haka za a tsawaita fitowarta. Maganar magungunan gargajiya da ake aiko wa masu ciki daga gida wai don a sami namiji ba ta shiga ba, alhali bincike a arewacin Indiya ya danganta su da nakasar jarirai. An kuma amince ba za a gayyaci 'yan jarida daga waje ba, domin masu ƙin baƙi da masu rikicin siyasar zubar da ciki duk suna jiran irin wannan labari su yi amfani da shi, jama'a kuwa da sun ji ana tallan aibinsu za su daina zuwa. Mazan da suka fita ne suka fi damun kowa. Na ba da shawarar a mayar da fitowa huɗun wasan rediyo, a bar ƙarshen a buɗe masu sauraro su bugo waya, tunda direbobi na jin tashoshin Punjabi a hanya. Wasu sun karɓa, daraktar ta ce a rediyo namiji zai yi wa'azi ne kawai ba tare da ya tsaya gaban uwarsa ba. Aka tsayar za a gwada duka biyun, da zama na maza zalla a harabar ajiye tireloli kafin a kai wasan Abbotsford.

Dawowa ta hanyar da na zo ne. A bar Newton awa biyar kafin tashin jirgi idan bas da jirgin ƙasa za a bi, kuma a zaɓi tikitin da zai sauke mutum Abuja da sauran lokaci, don a kama hanyar Kano da safe.